Yadda Katin Sauti Ya Haɗiye Modem

Duk wanda ya taɓa shiga intanet ta wayar tarho ta gida ba zai manta kukan nan ba: tsuwwa kamar ta gyare, sai wani shuuu mai tsawo, sai tsit. Kwamfutoci biyu ne ke gaisawa. Don muryar ɗan Adam aka shimfiɗa layin tarho, amon da yake ɗauka bai wuce mai kaɗawa sau 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa ba. Saboda haka na'urar da ke son aika bayanai ta cikinsa dole ta mayar da lambobinta sauti, ta can ɗaya ɓangaren kuma ta saurara ta mayar da su lambobi. Aikin modem ke nan.

Modem ɗin Bell 103 da kamfanin AT&T na Amurka ya fitar a 1962 yana aika bit 300 a daƙiƙa da amo biyu kacal a kowane ɓangare: mai kira ya yi amon 1,270 ya nufi ɗaya, ya yi na 1,070 ya nufi sifili. Da yake kamfanin ya hana a jona baƙuwar na'ura a layinsa, sai masu dabara suka zagaye dokar da wani akwati mai kofunan roba biyu. Ka ɗora kan tarho a kai, akwatin ya yi magana a bakin waya, ya kuma kasa kunne. A 1964 Robert Weitbrecht, masanin kimiyya wanda shi kansa kurma ne, ya ƙera irinsa domin kurame su riƙa aika wa juna rubutu ta tarho. Hukuncin Carterfone na 1968 ya sassauta hanin, daga baya modem mai shiga layi kai tsaye ya kori kofunan robar.

Yau aikin ya dawo, amma ba akwati. Dalili na farko shi ne katin sauti, wanda yanzu babu kwamfuta ko wayar hannun da ba ta da shi. Yana auna sautin da ya shiga makirfo sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa, yana kuma iya fitar da kowane amo aka umarce shi. Ga na'ura mai wannan kaifin kunne, bambance amon 1,070 da na 1,270 abin wasa ne. Sauran aikin lissafi ne, kuma tun shekarun 1990 kwamfutar gida ta yi ƙarfin da za ta yi shi nan take. Shi ya sa ƙaramar manhaja irin minimodem ta Kamal Mostafa ke iya kwaikwayon Bell 103 da Bell 202, ka ajiye kwamfutoci biyu kusa da juna su aika wa juna rubutu ta iska, daga lasifika zuwa makirfo.

Dalili na biyu kuɗi ne, kuma masu riƙe da lasisin rediyon sha'awa su suka fi jin sa a jika. A da sai mutum ya sayi akwati na musamman kafin ya aika rubutu ta rediyo. Manhajoji irin soundmodem na Thomas Sailer da Dire Wolf na John Langner sun maye gurbin akwatin, kuma kyauta ne. Muhimmin abu ma ya fi arahar: wanda ya ƙirƙiro sabon salon aikawa ba ya jiran masana'anta, manhaja kawai zai rarraba. Haka Peter Martinez na Ingila ya fito da PSK31 a 1998, haka kuma Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, ya haɗu da Steve Franke suka fitar da FT8 a 2017.

A nan ne na ga sakamako mafi ban mamaki. FT8 yana aika bit 77 ne a zagaye na daƙiƙa 15, wato ya fi modem ɗin 1962 nawa nesa ba kusa ba. Da gangan aka yi haka. Idan saƙo ya tafi a hankali, lissafi na iya tsamo shi daga cikin hayaniyar da kunnen mutum ba ya jin komai a ciki sai shuuu. Mai sauraron gajeren zango ya san yadda muryar mai labarai ke nutsewa ta taso. A irin wannan zangon FT8 ke ƙetare teku da wutar da ba ta fi ta ƙwan fitila ba.

Sai dai ribar ta zo da hasara. Bit 77 ba su isa gaisuwa ba. Lambar kira, wurin da kake, ƙarfin sigina, sallama, shi ke nan. Tsofaffin ma'abota rediyo na kukan cewa na'urori ke hira, mutane sun zama 'yan kallo, kuma ina ganin kukan nasu na da tushe, domin sanin mutumin da ke wata nahiya shi ne asalin daɗin abin. Amma laifin ba na katin sauti ba ne, tun da shi ɗin ne ke ɗaukar PSK31, inda ake hira ta rubutu har a gaji.

Akwai kuma iyaka. Wayar hannu da kiran intanet suna matse murya, su zubar da duk abin da bai yi kama da maganar mutum ba, amon modem kuwa yakan fita a dagule. Ta iska ma, amsa-kuwwar ɗaki da ƙarar fanka na cinye saƙo. Hasali ma wanda ke neman sauri ba nan zai zo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. A 2013 Michael Hanspach da Michael Goetz na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka nuna kwamfutocin da ba a jona su da komai ba suna aika wa juna bayanai ta amon da kunne ke ji da ƙyar, a tazarar kusan mita 20, kimanin bit 20 a daƙiƙa. Wannan bai isa satar hoto ba, amma ya isa fitar da kalmar sirri cikin daƙiƙu kaɗan. Ofishin da ya cire wayar intanet daga kwamfutarsa ya bar mata lasifika da makirfo, har yanzu akwai modem a cikinta.