Koyar da Awon Basira da Gano Larurar Tunani a Jami'a: Matsayin Maki a Hukuncin Ƙwararre

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin ilmin halayyar ɗan'adam, ranar da ya fara darasin awo da gano larura, ranar ce aka fara danƙa masa abin da ke iya sauya rayuwar wani. Rahoton da zai rubuta nan gaba shi ne za a duba a bar yaro a ajinsu ko a mai da shi makaranta ta musamman, kuma shi ne likita ko alƙali zai karanta kafin ya yanke shawara a kan babban mutum. A wannan maƙala za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa makin gwaji shaida ɗaya ce daga cikin shaidu da dama, kuma babban aikin malami shi ne ya koya wa ɗalibi yadda ake haɗa shaidun kafin a kai ga hukunci.

2.0 Asalin Awon Basira

A shekarar 1905 ne Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwajinsu a birnin Faris, da nufin gano 'yan makarantar da ke bukatar ƙarin taimako. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya gyara shi domin Amurkawa a 1916. Daga baya David Wechsler ya fito da nasa na manya a 1939, sannan na yara a 1949. Gwaje-gwajen Wechsler, bayan sabuntawa iri-iri, suna cikin waɗanda aka fi koyarwa a jami'o'i har yanzu. Abin lura a nan shi ne, Binet da kansa ya yi gargaɗi kada a ɗauki basira tamkar wani abu tsayayye da ba ya ƙaruwa.

3.0 Abin da Maki ke Nufi

Maki ba ya da ma'ana shi kaɗai, sai an gwama shi da na wasu. Masu tsara gwaji sukan fara gwada jama'a masu yawa, su mai da matsakaicin sakamakonsu 100, tazarar karkata kuwa 15. Watau wajen kashi biyu bisa uku na mutane suna faɗawa tsakanin 85 da 115, waɗanda ke ƙasa da 70 kuwa kimanin biyu ne cikin ɗari. Wannan jama'a ita ce mudun awo. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san mudun wani gari ba lalle ya yi daidai da na wani ba, don haka tambayar farko da za a saba wa ɗalibi da ita ita ce: da mudun su wa aka auna wannan yaro?

Akwai kuma kuskuren awo. Idan aka maimaita wa mutum gwaji, da wuya ya sake samun maki ɗaya cif. Saboda haka ne kundin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya bar sararin maki biyar sama da ƙasa, watau daga 65 zuwa 75, a inda ake zancen 70. Bugu da ƙari, mudun kansa yana tsufa. James Flynn ya nuna a 1984 cewa makin Amurkawa ya riƙa hawa da kimanin uku a kowace shekara goma tsakanin 1932 da 1978. Ke nan gwajin da ya daɗe ba a sabunta mizaninsa ba zai ba mutum fiye da abin da ya cancanta.

4.0 Daga Maki zuwa Hukunci

Littattafai biyu ne ake dogara da su wajen sa wa larura suna: DSM, wanda aka fara bugawa a 1952, da kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Dukansu ba su yarda a ce yaro yana da tawayar basira don maki kawai ba. Tilas a ga gazawa a harkokinsa na yau da kullum, kamar sa tufafi da zuwa aike da ma'amala da tsara, kuma ya zama abin ya faro tun yana tasowa. Kafin nan ma sai an tabbatar yana ji, yana gani, ba ya fama da farfaɗiya ko yunwa, kuma yana zuwa makaranta a kai a kai. Yaro ba ya kawo kansa asibiti, don haka ɗalibi zai koyi sauraron uwa da malamin aji, ya kuma zauna ya kalli yaron yana wasa.

Babban mutum kuwa shi ke ba da labarinsa, nan hira ta fi kome muhimmanci. Alal misali, DSM-5 ya shardanta alamu biyar daga cikin tara, na tsawon mako biyu, kafin a ce mutum yana da ciwon damuwa mai tsanani, kuma dole ɗayarsu ta kasance ƙuncin rai ko rashin sha'awar abin da ya saba so. Amma kasala da rashin barci suna iya zuwa daga ƙarancin jini ko shaye-shaye ko wani magani da yake sha. Ɗalibin da ya ƙirga alamu bai tambayi waɗannan ba, ya yi rabin aiki.

5.0 Harshe da Al'ada

Sakaci da mudun awo ya taɓa kai mutane gaban shari'a. A 1979 alƙali Robert Peckham na kotun tarayya a Kalifoniya ya hana makarantun jihar amfani da gwajin basira wajen tura yara baƙar fata azuzuwan masu tawayar basira, domin an same su a can fiye da kima. Idan haka ta faru tsakanin masu harshe ɗaya, ina ga ɗan Bahaushe da aka yi wa tambayoyi da Ingilishi, aka kuma auna shi da mizanin yaran Amurka? Fassara kaɗai ba ta wadatar ba, don kalmar da ke da wuya a wani harshe tana iya zama ta bakin kowa a wani.

Haka nan kowace al'umma da yadda take faɗin ciwonta. A 1960 Raymond Prince ya yi bayanin ɗalibai a kudancin Nijeriya da ke kukan zafi da motsi a cikin kai da kasa riƙe karatu. A wajenmu ma majinyaci yakan ce jikinsa ya mutu ko kansa ya ɗau zafi, dangi kuma su ce iska ce ko sammu. Wajibi ne ɗalibi ya rubuta wannan yadda aka faɗa masa, ba tare da raini ba. DSM-5 ma ya tanadi tambayoyi 16 domin jin yadda majinyaci ke fassara larurarsa. Da ɗan gari akan ci gari.

6.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin ya kamata a bi matakai uku wajen koyarwa. Da farko ɗalibi ya ƙware a lissafin awo kafin ya taɓa kayan gwaji. Na biyu, ya yi ta gwadawa a kan 'yan ajinsu, malami na kallo yana gyara, tun da sai an gwada akan san na ƙwarai. Na uku, ya ga majinyata a ƙarƙashin ƙwararre, da izininsu ko na iyayensu, tare da riƙe sirrinsu, kuma kada rahotonsa ya fita sai malamin ya sa hannu. A kowane rahoto ya faɗi gwajin da ya yi amfani da shi, da harshen da aka yi shi, da jama'ar da aka ɗauko mizaninsa daga gare su. Nauyin da ya rage a wuyanmu, mu malaman jami'a, shi ne tsara gwaje-gwaje cikin Hausa tare da mizanin da aka tattara daga yaranmu da manyanmu.