Jirgin Shaƙatawa da Tsibiran Kanari: Yini Ɗaya a Kan Turke

Tun da aka ɗaure dawa aka kai rumbu, hannun samari ya saki fartanya ya koma kan waya, wani hoton bidiyo ke zagaya majalisar ƙauyenmu da ke arewa da Ɗambatta. Farin jirgin ruwa ne, ya fi duk wani bene da ke Kano tsawo, ya jingina da gaɓa. Mutane na saukowa daga cikinsa da gajerun wanduna, kowa da ɗan kati rataye a wuya, suna shigewa gari babu mai tare su. A kan hoton an ɗora muryar wani Bahaushe yana cewa wannan tsibirin Sifaniya ne, wanda duk ya sayi tikitin jirgin ba ruwansa da biza, in an sauke shi yawon yini ɗaya sai ya sulale, shi ke nan ya shiga Turai. Ɗan ƙanwata ne ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Kawu, duba da idonka, ko fasfo ba a tambayarsu." Daga baya na ji cewa har wani dillali ya faɗi kuɗin da za a ba shi, kuma an fara maganar jinginar da gonar gado.

Hoton kansa ba ƙarya ba ne, kuma abin da ya sa yake kama mutane ke nan. Jiragen suna nan, tsibiran suna nan, kuma haka fasinjoji ke sauka. An yanke farkon labarin da ƙarshensa ne, aka bar mana tsakiya.

Tsibiran Kanari suna cikin Tekun Atlantika, daura da kudancin Maroko. Manyansu bakwai ne, kuma mafi kusa da gaɓar Afirka, Fuerteventura, tazarar kilomita 100 ce kawai ko kusa da haka. Mallakar Sifaniya ne, mutanensu sun haura miliyan 2. Lokacin da muke fama da hunturu, Turai kuma ƙanƙara ta rufe ta, can yanayin ba zafi ba sanyi, shi ya sa daga Nuwamba zuwa Maris jiragen shaƙatawa ke yin layi a tashoshin Las Palmas da Santa Cruz da Arrecife.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan magana ta "ba a tambayar fasfo". Duk wanda ya taɓa zuwa Hajji ya san amsarta. Ranar da aka ɗebi alhazai a mota zuwa ziyarar Ƙuba da Uhudu, akwai wanda ya tsaya a ƙofar masallaci yana neman biza? Babu. To don babu biza aka je ƙasar? An duba ta tun a filin jirgin Malam Aminu Kano, aka sake dubawa da aka sauka. Haka mai kai sa kara: da zarar ya biya kuɗin shiga a bakin kasuwa, ba a bin sa turke-turke ana neman rasit. Haka ɗan biki da ya nuna kati a ƙofa, ba mai sake tambayarsa kati kafin a zuba masa shinkafa. Mutanen nan da ke saukowa cikin walwala an riga an tace su tun ranar da suka hau jirgin. Tsibiran Kanari suna cikin yankin Shengen, dokar shiga su ɗaya ce da ta shiga Madrid ko Paris. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da biza, kuma kamfanin jirgin ne farkon wanda zai hana shi hawa in ba shi da ita, domin in ya kai mutum marar takarda, shi hukuma za ta ci tara, shi zai kuma ɗauki nauyin mayar da shi.

Akwai ma tambayar da ta riga wannan: daga ina jirgin ke tashi? Jiragen da ke zagaya Kanari suna ɗaukar fasinja ne daga Southampton ta Ingila, ko Barcelona da Malaga, ko kuma daga cikin tsibiran kansu. Ba daga Apapa ba. Kafin ɗan ƙauyenmu ya taka matakalar jirgin, sai ya riga ya shiga Turai ko Ingila da biza a hannu. Wato ƙofar da dillali ke sayarwa tana cikin ɗakin da yaron ke neman shiga. Bizar Shengen kuwa tun watan Yuni na 2024 kuɗin nemanta yuro 90 ne, ko an ba ka ko an hana ka ba a mayarwa, ga inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, ga bayanan asusun banki, ga shaidar cewa kana da abin da zai dawo da kai gida.

Yanzu mu ɗauka mutum ya cika duk waɗannan, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci da ya tara kuɗinsa yana son ya ga duniya. Wannan halal ɗinsa ne, kuma tafiya mabuɗin ilimi. Yaya yinin nasa yake?

Mu nan mun san akuyar damina. Ƙasarmu ba ta da sauran fili, gona na jikin gona, don haka da shuka ta tsiro sai a kafa turke a ɗaure ta. Tana ci, tana zagayawa, amma tsawon igiya shi ne iyakar duniyarta. Fasinjan jirgin shaƙatawa haka yake, sai dai tasa igiyar ta agogo ce. Jirgi kan iso da safe, wajen ƙarfe 8, ya tashi da yamma wajen 5 ko 6. A bakin matakala ana rubuta lokacin da kowa zai kasance a ciki, yawanci rabin awa kafin tashi. Katin nan na wuya ba ado ba ne. Ana goga shi a na'ura in za ka fita, hotonka ya bayyana, a sake gogawa in ka dawo. A kowane minti ma'aikatan jirgi sun san mutum nawa ke waje da sunayensu. Kuma jirgin ba motar kasuwa ba ce da za a ce wa direba ya dakata Hajiya ta je sayen daddawa. An yanka masa lokacin zama a tashar, akwai wani jirgin da ke jiran gurbin, gobe da safe kuma ana jiran sa a wani tsibirin. Wanda ya makara, abin da aka saba yi shi ne a miƙa fasfonsa ga wakilin kamfani a tashar, ya bi jirgin da kuɗin aljihunsa. Waɗanda ake jira su ne kawai waɗanda suka fita a motar yawon da kamfanin jirgin ya shirya da kansa, abin da ya sa take tsada ke nan.

Saboda haka mai hankali daga baya yake fara lissafi. Ya sa lokacin komawa, ya cire awa ɗaya ta ko-ta-kwana, ya cire tsawon hanya zuwa da dawowa, abin da ya rage shi ne nasa. Kuma wuri ɗaya ake zaɓa. A Tenerife kowa na son ganin Teide, dutse mai aman wuta da ya fi kowane dutse a Sifaniya tsawo, mita 3,715. Daga tasha zuwa gindinsa tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a hanya mai lanƙwasa, sannan a shiga wani akwati mai tafiya a jikin igiyar ƙarfe ya hau da mutum. In iska ta yi ƙarfi rufe shi ake yi, kuma ƙwanƙolin kansa sai da izinin da aka nema tun kafin ranar. Wanda ya bar gaɓa da 'yar shara zai iske sanyi mai ratsa ƙashi a sama. A Las Palmas kuwa da ƙafa ma ana isa gaɓar Las Canteras, tsohuwar unguwar Vegueta kuma 'yar gajeriyar tafiya ce a bas.

Ni da za a ba ni yini ɗaya, a Lanzarote zan kashe shi, kuma da manomi zan so in je. Tsakanin 1730 da 1736 duwatsun Timanfaya suka yi ta aman wuta, suka binne ƙauyuka da gonaki a ƙarƙashin baƙin tsakuwa. Ruwan saman tsibirin a shekara bai kai milimita 200 ba, ko sulusin namu bai kai ba. Amma a yankin La Geria manoma suka gano cewa baƙin tsakuwar nan yana riƙe laima yana hana ƙasa bushewa. Sai suka riƙa haƙa rami mai faɗin baki har su tarar da tsohuwar ƙasa, su dasa inabi ko ɓaure a tsakiya, su jera duwatsu rabin da'ira a bakin ramin ta gefen da iska ke bugowa. Dubban ramuka, kowanne da shukarsa guda. Duk wanda ya ga yadda manoman Tawa da Maraɗi ke haƙa ramukan tassa da na rabin wata don tare ruwa a faƙo zai gane dabarar nan take. Abincinsu ma ba baƙo ba ne sosai: suna da gofiyo, garin hatsi da aka soya kafin a niƙa, in an kwaɓa shi da zuma sai ya tuna maka da dakuwa.

Ƙananan abubuwa biyu kan kayar da baƙo. Na farko agogo. Da hunturu Kanari na bayan Najeriya da awa ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma lokacinmu ɗaya da su, sannan kullum suna bayan babban yankin Sifaniya da awa ɗaya. Waya na iya sauya lokaci da kanta ba ka sani ba, alhali agogon jirgi kaɗai ake bi. Na biyu ƙura. Hazon Sahara da muka sani yana kai musu ziyara, suna ce masa kalima, kuma a Fabrairun 2020 sai da ya sa aka rufe filayen jiragen samansu. Ranar da ya sauka, hawa dutse don hangen nesa asarar kuɗin mota ce.

Sai mu koma kan wanda ya yi niyyar sulalewa. Ya sulale zuwa ina? Tsibiri ne, ruwa ta ko'ina, kuma daga nan zuwa babban yankin Sifaniya ya haura kilomita 1,000. Ba a hawa jirgin sama ko na ruwa sai an nuna takarda. Kafin jirgin da ya kawo shi ya saki igiya, sunansa da hotonsa suna hannun 'yan sanda. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba shi damar aiki ba, in ta ƙare kuma ya zama abin nema.

Kuma ba shi kaɗai zai tarar ba. Tekun nan da fararen jirage ke ratsawa da kiɗa, shi ne kwalekwalen masunta ke ratsawa daga Senegal da Gambiya da Nuwadibu ta Muritaniya, maƙare da mutane, mako guda ko fiye a kan ruwa. A 2006 sama da mutum 31,000 suka isa tsibiran ta haka. A 2024 alƙaluman gwamnatin Sifaniya sun nuna sama da 46,000, da yawansu a ƙaramar tashar La Restinga ta tsibirin El Hierro, wanda duka mazaunansa ba su wuce 11,000 da 'yan kai ba. Ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙiyasta cewa a wannan shekarar kaɗai sama da mutum 9,700 suka mutu ko suka ɓace a hanyar. A Nuwamban 2022 duniya ta ga hoton 'yan Najeriya uku zaune a kan ƙarfen da ke juya akalar wata tankar mai, Alithini II, ƙafafunsu na lilo dab da ruwa. Daga Legas suka maƙale a wurin, kwana 11, har Las Palmas, aka wuce da su asibiti. Da akwai tikitin da ke shigar da mutum ba biza, da waɗannan bayin Allah ba su hau wannan ƙarfe ba.

Ba na ganin laifin yaron da ya gaskata bidiyon. Gonar da kakansa ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke kallo, cin rani a Kano ko Abuja kuma bai cika kawo abin da yake kawowa da ba. Abin da nake gani shi ne hukumomi na yin taron wayar da kai a ɗakunan otal na birni, da Turanci, a gaban mutanen da ba su taɓa tunanin jinginar da gona ba, shi kuwa dillali yana zaune a kan benci ɗaya da samari ranar kasuwa, yana magana da harshensu. Minti biyar a rediyo da Hausa, ko sanarwa bayan sallar Juma'a ta bakin dagaci, da ta kai inda takardun taro ba sa kaiwa. Mu ma mutanen gari muna da namu sakacin: ana shaida jinginar gona a gaban dattawa, ba a tambayi inda kuɗin za su ba.

Wasu dillalan sun fara sauya baki, suna cewa aiki ne za a samar a cikin jirgin. Aikin jirgi gaskiya ne, amma yana da tasa hanyar: horon kare kai a teku, gwajin lafiya, da littafin ma'aikacin jirgi da hukumar kula da sufurin teku ta NIMASA ke bayarwa. Wanda aka nemi ya biya kuɗi a asusun wani mutum kafin ya ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya kai ƙara: hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane na da ofishi a Kano.

Kafin in baro ƙauye na zauna da ɗan ƙanwata a gindin darbejiya, na ce in dillalin ya dawo ya tambaye shi sunan jirgin, da garin da zai hau shi, da kuma wace biza ce za ta kai shi wannan garin. Ya rubuta su a bayan kwalin ashana ya sa a aljihu. Dillalin ya ce zai dawo kasuwa mai zuwa, gonar kuwa an riga an fara kai mata taki.