Tsutsa Mai Gashi a Tankin Murjani: Mai Shara Ce ko Maɓarnaciya?

A ƙasashen Turai da Amurka da Gabashin Asiya akwai mutane da dama masu kiwon halittun teku a cikin gidajensu. Sukan cika tankin gilashi da ruwa mai ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, daidai da ruwan teku, sa'annan su zuba kifaye masu launi da murjani mai rai. Shi murjani, wanda muka fi saninsa a matsayin jan dutsen ado, asalinsa wasu ƙananan dabbobi ne da ke zaune jingim wuri guda suna gina wa kansu ƙwarangwal mai tauri. Raya shi a tanki aiki ne mai wuya da cin kuɗi. Saboda haka dole hankalin mai tanki ya tashi idan ya haska tocila da dare ya ga wata tsutsa mai gashi tana fitowa daga ramin dutse, alhali bai san ranar da ta shiga ba. Tambayar da ta daɗe tana raba kan masu wannan kiwo ita ce: a kashe ta, ko a bar ta?

Asalinta da siffarta

Wanda ya gan ta karon farko zai ɗauka gizaka ce ko shanshani, amma ba ta da dangantaka ta kusa da su. 'Yan'uwanta su ne tana da matsattsaku, wato tsutsotsin da jikinsu ya kasu gaɓa-gaɓa kamar an jera zobba. Masana sun raɗa wa rukuninta suna Polychaeta, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar "gashi mai yawa", domin kowace gaɓa tana da 'yan ƙafafu biyu na tsoka masu ɗauke da tsinkayen gashi. An gano ire-irenta fiye da 10,000, kuma kusan dukkansu a teku suke rayuwa.

Hanyar shigarta tanki sananniya ce. Masu kiwo kan sayi duwatsun da suka daɗe a ruwan teku domin ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke jikinsu. A cikin ramukan waɗannan duwatsu ne ƙananan tsutsotsin ke ɓoye, a shigo da su ba a sani ba.

Aikin da take yi

Tanki wuri ne rufaffe. Duk abincin da kifi ya rage, da kashinsa, da gawar abin da ya mutu, nan suke zama su ruɓe, su fitar da sinadarin amoniya wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya halaka kifi. Yawancin tsutsotsi masu gashi da ake samu a tanki, alal misali wadda ake kira Eurythoe complanata, masu cin irin wannan datti ne. Sukan fito da dare su shiga lungunan da hannun mai tanki ba ya kaiwa, su cinye saura kafin ya ruɓe. Har ila yau suna motsa yashin ƙasan tanki kamar yadda tana ke sassauta ƙasar gona.

To daga ina mugun sunanta ya fito? Sau da yawa mai tanki kan wayi gari ya tarar da kifinsa a mace, tsutsotsi sun yanyame shi, sai ya yanke hukuncin cewa su suka kashe shi. Amma ganin ungulu a kan mushe bai nuna ita ce ta kashe dabbar ba. Galibi cuta ko lalacewar ruwa ce ta kashe kifin, tsutsa kuwa warin gawa ya jawo ta. Haka kuma idan suka yi yawa fiye da kima, alama ce ta cewa ana zuba abinci fiye da abin da kifayen ke iya cinyewa.

Waken da ya ɓata gari

Duk da haka akwai 'yan ƙalilan da suka cancanci a ji tsoronsu. Ta farko ita ce tsutsar wuta, Hermodice carunculata, wadda masanin halittu na Jamus Peter Simon Pallas ya bayyana a shekarar 1766. Ana samun ta a Tekun Atilantika da yankin Karebiyan da Bahar Rum, kuma takan kai tsawon santimita 30. Ita wannan murjani mai rai take ci: takan kafa baki a kan reshensa ta tsotse naman, ta bar farin ƙashi. Daɗin daɗawa, a shekarar 2003 masu bincike a Jami'ar Tel Aviv sun nuna cewa tana ɗauke da bakteriyar Vibrio shiloi, wadda ke sa wani murjanin Bahar Rum ya koɗe ya yi fari.

Ta biyu ita ce Eunice aphroditois ta Tekun Indiya da Fasifik, mai kaifin muƙamuƙi, wadda ke iya kai mita 3. Takan binne jikinta cikin yashi ta yi kwanton ɓauna, ta cafke kifin da ya gifta. A shekarar 2009, a gidan nuna halittun ruwa na Blue Reef da ke garin Newquay a Ingila, ma'aikata sun yi watanni suna ganin murjani a gutsure da kifaye da rauni. Sun ɗana tarko bai kama komai ba. Sai da suka kwashe duwatsun tankin ɗaya bayan ɗaya suka ci karo da wata tsutsa ta dangin Eunice mai tsawon fiye da mita 1.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko shi ne a lura kafin a ɗauki hukunci. A duba tankin da dare da tocila mai jan haske, domin bai cika razana su ba. Tsutsar da ke bin yashi tana tsintar saura a bar ta. Wadda aka gani a kan lafiyayyen murjani tana ci, ko mai jan tukku a bayan kai kamar na tsutsar wuta, a cire ta da hantsaki ko tarko mai ɗan abinci a ciki. Idan yawa ne matsalar, a rage abinci, adadinsu zai sauka da kansa.

Kada a kuskura a taɓa kowace irinsu da hannu ba safa. Gashin yakan karye cikin fata ya haddasa zafi da ƙaiƙayi, na tsutsar wuta kuwa raɗaɗinsa kamar ƙuna. Idan hakan ta faru, akan manna salatif a wurin a ɗaye domin zare tsinkayen.

Amsar tambayarmu ke nan: mafi yawansu masu shara ne da ba a biyan su lada, kaɗan ne maɓarnata. Darasin kuwa ya wuce tanki. Ɗalibin kimiyya ba ya ɗora wa halitta laifi don kawai an same ta a wurin ɓarna, sai ya tantance irinta, ya kuma ga abin da take yi da idonsa.