Borobudur: dutsen ibada da aka tono daga cikin toka

A tsibirin Jawa, cikin ƙasar Indonesiya, wajen kilometir 40 daga birnin Yogyakarta, akwai wani tsohon gini da ake kira Borobudur. Shi ne wurin ibadar mabiya addinin Buda mafi girma a duniya. Sarakunan gidan Sailendara ne suka gina shi tsakanin ƙarni na 8 da na 9, suka lulluɓe wani tudu da duwatsu kimanin miliyon 2, an sassaƙe su an harhaɗa, ba siminti ba laka.

Ginin ba shi da ɗaki ko ɗaya a ciki. Hawa tara ne, shida na ƙasa masu kusurwa huɗu, uku na sama masu da'ira, gindinsa kuma metir 123 ne ta kowane gefe. Ibadar tafiya ce. Mai ziyara yana shiga ta matakalar gabas, ya sa ginin a hannunsa na dama, ya riƙa kewayawa yana hawa. Jikin bango cike yake da hotuna 2.672 da aka sassaƙa a kan dutse: rayuwar Buda, manoma da shanun huɗa, jiragen ruwa, makaɗa, fadar sarki. Wanda bai iya karatu ba ma yana karanta bango da ido. Da ya kai hawa na sama sai hotuna su ƙare, ya tarar da ƙubba 72 masu kama da ƙananan rumbuna, kowace da ramuka, a cikinta mutum-mutumin Buda yana zaune. Nufinsu shi ne mutum ya baro sha'awar duniya a ƙasa, ya hau zuwa inda babu siffa.

A ƙarni na 10 mulki ya koma gabashin Jawa, daga baya kuma mutanen tsibirin suka karɓi Musulunci. Tokar duwatsu masu aman wuta ta zuba, daji ya rufe wurin. Sai a shekara ta 1814 gomnan Ingila mai riƙe da Jawa, Raffles, ya ji labari, ya aiki wani injiniya ɗan Holan mai suna Cornelius da mutum 200, suka sare itatuwa suka kwashe ƙasa.

Tonon ya jawo nasa bala'i, domin abin da toka ta ɓoye, ido ya gani hannu ya ɗauka. Aka yi ta cire kawunan mutum-mutumi ana kai wa gidajen tarihi da masu kuɗi. A 1896 sarkin Siyam, wato Tailan ta yanzu, ya zo ziyara, Turawan Holan suka bar shi ya tafi da amalanke takwas cike da sassaƙa, kyauta da kayan da ba nasu ba. Daga 1907 zuwa 1911 wani hafsan soja, Van Erp, ya gyara hawa na sama, ya tayar da ƙubbobin da suka faɗi.

Amma babban abokin gaba ruwa ne. Damina a Jawa mai nauyi ce, ruwa yana ratsa tsakanin duwatsu ya shiga tudun da ke ƙarƙashi, ƙasa ta yi laushi, bango ya karkata. Duk magini ya san ginin da ruwa ya ci gindinsa ba yaɓe ke raba shi da faɗuwa ba. Gomnatin Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ta nemi taimakon UNESCO, ƙungiyar nan da ta kira taron Bamako na 1966 kan rubutun Hausa da wasu harsuna. Daga 1975 zuwa 1982, lokacin da Amadu Mahtar Mbo na Senegal yake shugabanta, aka kwance duwatsu fiye da miliyon ɗaya. Kowane aka ba shi lamba, aka wanke shi, aka yi masa magani. Sai aka zuba daɓen siminti da magudanan ruwa a ɓoye, aka mai da kowane dutse mazauninsa, kwamfuta tana taimakawa wajen gano wurin waɗanda suka ɓace wa ƴan'uwansu.

Ba a daɗe da gamawa ba, ranar 21 ga watan Janairu 1985, wasu suka dasa bama-bamai, ƙubba tara suka lalace, aka sake gyarawa. A 1991 UNESCO ta sa Borobudur cikin jerin kayan gadon duniya. A 2010 dutsen Merapi ya yi aman wuta, toka ta sake rufe ginin, ma'aikata suka yi watanni suna share ta daga magudanai. Ƙafafun baƙi ma sun cinye matakalai, shi ya sa a 2023 aka ƙayyade yawan masu hawa kowace rana, aka kuma wajabta masu sa wani takalmin saƙa mai laushi. Kowace shekara, a daren cikar wata na bikin Waisak, mabiya Buda suna taruwa can su yi ibadarsu.