Daga Hotoro Zuwa Lome: Abin Da Ɗalibanmu Ke Zuwa Ɗaukowa

Ba baƙon abu ba ne a ikkilisiyoyinmu na Hotoro da kewaye a ji mai sanarwa ranar Lahadi yana roƙon jama'a su sa ɗan wane ko 'yar wance cikin addu'a, domin za su ƙetare iyaka neman ilimi. Da yawanmu in muka ji haka sai hankalinmu ya tafi Ingila ko Amurka. Amma ga ɗan ma'aikacin masana'antar fatu a Challawa, ko ta roba a Sharada, ko ta alewa a Bompai, ƙasar wajen da aljihun ubansa zai iya kai shi tana nan kusa. Sau da yawa, in ɗalibin Faransanci ne, birnin Lome ne na ƙasar Togo.

A wannan mako muna so mu duba irin zaman da 'ya'yanmu ke yi a can, domin iyaye su san abin da suka biya wa kuɗi, ɗalibai kuma su san abin da aka aike su ɗaukowa.

Asalin tafiyar

Ka'ida ce a jami'o'in Nijeriya cewa mai karatun digiri a Faransanci, idan ya kai aji uku, sai ya je ya zauna a inda ake magana da harshen safe da yamma. Kwalejojin horon malamai ma suna da irin wannan tsari, ko da yake nasu ya fi gajarta. A shekarun da naira ke da ƙarfi, akan kai ɗalibai Faransa, ko wata ƙasar Afirka kamar Senegal da Togo. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, aka shiga tsuke bakin aljihu na 1986, sai kuɗin tafiyar ya gagari jami'o'i. Wannan ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Ajara, kusa da Badagiri a jihar Legas, a 1991.

Duk da haka hanyar Lome ba ta mutu ba. A can akwai cibiyar koyar da harsuna da ake kira Village du Bénin, wadda aka kafa tun 1968 musamman domin baƙi, kuma 'yan Nijeriya da 'yan Gana suna cikin manyan masu zuwa. Tana harabar Jami'ar Lome, wadda aka buɗe a 1970 da sunan Jami'ar Benin, aka sake mata suna a 2001. Daga Kano mutum zai gangara Legas, ya ƙetare iyaka a Seme, ya ratsa Kwatano, ya bi bakin teku har Lome. Ba a neman biza, albarkacin ƙungiyar ECOWAS wadda Janar Yakubu Gowon da Shugaba Eyadema na Togo suka yi ɗawainiyar kafawa a 1975.

Amfanin harshen kuwa ba ya bukatar dogon bayani ga mutumin Kano. Benin, Nijar, Cadi da Kamaru, waɗanda suka kewaye mu, duk suna aiki da Faransanci. A 1996 Janar Sani Abacha ya ce zai zama harshen hukuma na biyu a ƙasar nan. Ko Nijar da ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci cikin harsunan aiki. Kayan masana'antunmu da na Kantin Kwari da Dawanau da ke fita Maraɗi, Damagaram da Njamena, dole a sami wanda zai karanta takardunsu ya kuma rubuta wasiƙunsu.

Aji da gari

Da safe ɗalibi yana aji: nahawu, rubutu, sauraro da gyaran lafazi. Amma duk malamin harshe zai gaya maka cewa aji hanya kawai yake nunawa. Harshe yana zama a baki ne sa'ad da bukata ta tilasta wa mutum magana, wato wurin cinikin burodi, wurin tambayar hanya, ko wurin jayayya da ɗan acaɓa, wanda a can suke kira zemijan. Saboda haka uban da ya yi wa 'yarsa kashedi cewa daga aji sai ɗaki, kada ta kuskura ta leƙa gari, ya yi da kyakkyawar niyya, amma ya rufe mata rabin makarantar.

Garin kuwa yana da abin gani. Akwai babbar majami'ar Katolika ta Sacré-Cœur da aka kammala a 1902, zamanin da Togo ke hannun Jamus. Akwai fadar gwamnonin Jamus a bakin teku, ginin 1905, wadda aka gyara aka buɗe wa jama'a a 2019 a matsayin gidan al'adu. Akwai dandalin tunawa da samun 'yancin kai na 27 ga Afrilu, 1960. A unguwar babbar kasuwa, wadda gobara ta cinye babban gininta a Janairun 2013, ɗalibi zai ji labarin matan nan attajiran atamfa da ake yi wa laƙabi da Nana Benz saboda irin motocin da suka riƙa hawa. Gabas da birnin, a bakin Tafkin Togo, akwai Togoville, garin da wakilin Jamus Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniya da mutanensa a 1884, inda kuma Paparoma John Paul na Biyu ya kai ziyara a 1985. Akan kai baƙi kasuwar Akodessewa ma, inda ake sayar da kayan tsafi da na bokaye. Wanda ya je can, ya je da idon mai neman sanin al'adar mutane, ya riƙe kuɗinsa a aljihu.

Sai dai akwai tarko iri biyu da ba kasafai ake gaya wa ɗalibai ba. Na farko, mutanen Lome a tsakaninsu sun fi magana da Ewe da Mina, don haka sai ɗalibi ya nace da Faransancinsa kafin a amsa masa da shi. Na biyu ya fi daɗi, ya kuma fi haɗari ga karatu: Hausa tana ko'ina. Lome tana da tsohon zangon Hausawa, wanda hukuma ta tashe shi daga tsakiyar gari a 1977 ta mayar da shi arewacin birni. Mai nama, mai shayi da mai canjin kuɗi duk za su yi maka maraba da harshen gida. Ga Gana kuma a Aflao, manne da birnin, inda ake Turanci. Ɗalibin da ya ga dama zai iya yin wata uku a Lome yana ci yana sha da Hausa da burokin, ya dawo Hotoro da hotuna cike da waya, bakinsa kuwa yadda ya tafi da shi.

Idan dare ya yi

Yaron da ya tashi a Kano bayan kafa shari'a a 2000 ya saba cewa mashaya tana da unguwarta, kuma sai wanda ya nufe ta zai gan ta. A Lome ba haka abin yake ba. Da rana ta faɗi, ana jera kujeru a bakin titi, kiɗa ya tashi, ga gasasshen kifi da kaji, ga giyar kwalba, ga cukutu wadda 'yar'uwar burkutu ce, ga sodabi, barasar da ake tacewa daga bammi mai bugarwa ƙwarai. Titin 13 ga Janairu da unguwar Dekon sun yi suna wajen hada-hadar dare. Ba iyaye, ba dattijon ikkilisiya, ba maƙwabcin da zai kai rahoto gida.

Ba mu ce duk fitar yamma ɓarna ce ba. Zama cin abinci da abokan karatu 'yan Togo, ko zuwa kallon wasan kwaikwayo, darasi ne wanda ba a samu a littafi. Amma mu faɗi gaskiya game da abin da ke cikin haɗari. Na ɗaya kuɗi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sefa ta yi tsada. A 2024 sefa 1,000 ta haura naira 2,000. Abin da yaro zai kashe a daren Asabar ɗaya yana iya zama ladan kwanaki da dama da ubansa ya yi tsaye gaban inji, ko adashin da uwarsa ta kwasa. Na biyu rai. Tekun Lome yana da igiyar ruwa mai ja ta ƙasa, ga wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Tiga ba kuwa, wanka a ciki ganganci ne. Bakin tekun da dare kuma wurin masu ƙwace ne. Na uku mutunci, musamman ga 'yan matanmu, waɗanda in guzuri ya ƙare ba a rasa mai motar da zai yi tayin taimako, taimakon da ke da farashi.

Wani abin lura shi ne, galibi 'yan gida ɗaya ne ke fita yawon dare tare, suna hira da harshen da suka zo da shi. Ka ga an yi asarar kuɗi, an yi asarar barci, ba a kuma ƙaru da kalma ko ɗaya ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abokin da ɗalibi ya zaɓa a makon farko, shi ne zai yanke yadda sauran watannin za su kasance.

Shawararmu

Ga iyaye: ku tabbatar makarantar ɗanku ce ta shirya tafiyar, kuma ta amince da cibiyar da za a je. Ku nemi sunan malamin da zai raka su. A tanadi fasfo da katin rigakafin shawara tun da wuri. Kada a damƙa wa yaro kuɗin zaman duka a dunƙule. A riƙa aikawa kaɗan-kaɗan. In kun kira shi, ban da tambayar ko ya ci abinci, ku tambaye shi da wa yake yawo, da wane harshe kuma suke hira.

Ga fastoci da dattawa: ku ba ɗalibi takardar gabatarwa zuwa ga wata ikkilisiya a can. Lome tana da Katolika, da Methodist, da Assemblies of God, da ikkilisiyar Presbyterian wadda ta samo asali daga 'yan mishan na Bremen da suka fara aiki cikin kabilar Ewe a 1847. Ɗalibi ya nemi sujadar da ake yi da Faransanci, ya shiga ƙungiyar mawaƙa ko ta matasa. A nan zai ji harshen ana furta shi a tsanake, ya sami abokai 'yan gari, ya kuma sami gidan da za a neme shi idan ba a gan shi ba kwana biyu.

Ga ɗalibai: ku fita, ku gani, ku yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Ku yi yawonku da rana, cikin ƙungiya, ku koma masauki da wuri. Ku ɗaure wa kanku cewa daga safe zuwa yamma ba Hausa ba Turanci, ko da za a yi muku dariya. In kun dawo, ku gwada kanku da jarrabawar DELF, wadda ake shiryawa ta hannun cibiyoyin Alliance Française, domin takardar shaida ce da masu ɗaukar ma'aikata suka sani.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma sai ga wanda ya tuna abin da ya fitar da shi daga gida. Ranar da yaro ya sauka a tasha, ba tsarabar atamfa iyayensa suka fi bukata ba. Suna so su ga ya dawo lafiya, da halinsa na gari, ya kuma iya tsayawa gaban baƙo daga Maraɗi ko Kwatano ya karanta takarda ya fassara ba tare da inda-inda ba. Allah ya kai 'ya'yanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.