Canjin Taya da Ɗaga Cikin Tirela

Wanda ya tsaya bakin hanya ranar kasuwa zai ga ababen hawa iri iri. Wasu suna da inji, suna tafiya da ƙarfin kansu. Wasu kuwa ba su da inji, sai an ja su. Amalanke, jaki ko sa ke jan shi. Ƙaramar tirela, wadda ake ce ma rimorki, mota ke jan ta. Ana ɗora mata hatsi, ko albasa, ko tanon ruwa.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin tirela wadda aka yi ta kamar ɗaki. Cikinta akwai gado, da wurin dafuwa, da tankin ruwa a ƙarƙashi. Iyali sukan ɗaura ta bayan mota su tafi hutu, inda dare ya yi musu su kwana cikinta. Faransawa suna ce mata karaban.

Duk waɗannan ginin su ɗaya ne. Akwai gangar jiki inda ake sa kaya. Akwai wani ƙarfe mai kauri da ya gitta ta ƙarƙashi ya haɗa ƙafafu biyu, shi ne sandar ƙafa. Sannan akwai tayoyi. Tazarar da ke tsakanin cikin tirela da ƙasa, ita ake kira tsayin ciki.

Hanyar daji

Babbar hanyar Nijar ta tashi daga Yamai, ta bi ta Doso, da Birnin Ƙonni, da Maraɗi, da Damagaram, har Difa. Bisa kwalta irin wannan, tirela mai gajeren ciki tana tafiya lafiya lau. Amma yawancin ƙauyuka ba bakin kwalta suke ba. Sai an ratse an bi hanyar rairayi.

Manyan motoci sukan haƙe irin wannan hanya. Ƙafafunsu suna barin rami biyu, dama da hagu, da tudu a tsakiya. Idan tirela gajera ce, tayoyinta su faɗa ramin, cikinta ya zauna bisa tudun. Shi ke nan ta kafe. Da damana kuma ruwa yana cin hanya wajen Gulbin Maraɗi, da kwarin Majiya, da ƙoramun ƙasar Damagaram. Wurin gangara da hawa, bayan tirela yakan bugi ƙasa. Dutse ko kututture yana iya huda tanki, ko ya tsinke wayar fitila.

Abin ba ƙarami ba ne. Albasar da ta kwana biyu cikin rana a daji ta yi asara. Tirelar da ta kafe da tanon ruwa, mutanen da ke jiran ruwan sun kwana da ƙishirwa. Don haka mai tirela yake kula da abu biyu: lafiyar tayoyinsa, da tsayin cikin tirelarsa. Su biyun a haɗe suke.

Yaushe ake canza taya?

Tayar mota takan mutu da tafiya. Zanenta ya cinye, ta yi sulɓi. Tayar tirela kuwa ta fi mutuwa da zama. Tirela takan yi wata da watanni ajiye cikin rana. Zafi yana busar da roba, gefen taya ya tsattsage kamar faso a diddige. Mai ita ya duba ya ga zanenta da saura, ya ce sabuwa ce. Ran da ya yi mata lodi ya hau kwalta da tsakar rana, sai ta fashe.

Alamu huɗu ne ke nuna taya ta ƙare: tsagewa a gefe, ƙulu kamar ƙari, waya ko zare da ya fito fili, da zanen da ya shafe. A ƙasashen Turai doka ta hana tafiya da tayar da zurfin zanenta bai kai milimetir 1,6 ba.

Shekarun taya a rubuce suke a jikinta. Bayan haruffa ukku, DOT, akwai jerin lambobi. Tun shekarar 2000, huɗun ƙarshe su ke faɗin ranar haihuwarta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an yi tayar cikin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin ya ba da shawara a riƙa kai taya ga gwani kowace shekara in ta yi shekara 5 tana aiki, kuma a sauke ta in ta kai shekara 10, ko da tana da kyaun gani. Wannan lamba tana da amfani ƙwarai a kasuwa, inda tsofaffin tayoyi suka fi sababbi yawa.

Karatun jikin taya

A gefen taya akwai rubutu kamar wannan: 175/80 R 14 88. Kowace lamba da ma'anarta.

175 faɗin taya ne, da milimetir.

80 tsayin gefenta ne, wato kashi 80 cikin 100 na faɗin. Kashi 80 cikin 100 na 175 shi ne milimetir 140.

R tana nuna yadda aka jera zaren da ke cikin roba. Michelin ya fito da wannan irin saƙa a Faransa cikin 1946.

14 faɗin janti ne, wato ƙarfen da taya ke zaune bisa gare shi. Da inci ake auna shi. Inci ɗaya milimetir 25,4 ne. Inci 14 ya kama milimetir 356.

88 tana faɗin nauyin da taya za ta iya ɗauka. Akwai jadawali na wannan. 88 kilo 560 ne, 100 kilo 800 ne, 104 kuwa kilo 900.

Da wannan ana iya sanin tsayin taya ba tare da an auna ta ba. A haɗa gefen ƙasa, da janti, da gefen bisa: 140 + 356 + 140 = 636. Tsayinta milimetir 636 ne, kusan santimetir 64.

Ana kuma iya sanin iyakar lodi. Taya biyu masu lamba 88 suna ɗaukar kilo 1120. A ce tirelar kanta kilo 300 ce. Saura kilo 820. Buhun hatsi mai kilo 100 guda takwas ke nan. Na tara ya wuce ƙa'ida.

Yadda ake canza ta

Da farko a nemi wuri mai tauri, wanda ba gangare ba. A bar tirela ɗaure da mota, a ja birkin hannu. A sa dutse gaba da bayan ɗayar ƙafar, don kada ta gangara.

A sassauta notuna kaɗan tun taya tana ƙasa. In an ɗaga ta tukuna, sai ta yi ta juyawa, notin ya ƙi kwancewa. Sannan a sa jak, wanda wasu ke ce ma kirik, ƙarƙashin ƙarfen gangar jiki, kusa da sandar ƙafa. In wurin rairayi ne, a shimfiɗa katako mai faɗi ƙarƙashin jak, don kada ya nutse.

Idan ƙafa ta bar ƙasa, a tokare tirela da guntun icce mai kauri. Jak yana zamewa. Ba a shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi, ko da hannu ne ba a turawa. Yara kuma su tsaya nesa.

A cire tsohuwa, a sa sabuwa. A ɗaura notuna da hannu, ba bi da bi ba: a ɗaura ɗaya, a tsallaka zuwa wanda ke fuskantar shi, don janti ya zauna daidai. A sauke jak, sannan a ƙara ɗaure su tam. In an yi tafiyar kamar kilometir 50, a tsaya a sake gwada su, don sukan saki.

Tayoyi biyu na sanda ɗaya dole girmansu ya zama ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya, tirela za ta karkace kamar jakin da aka yi ma kaya ɓari guda. Iska kuma da safe ake auna ta, tun taya ba ta yi zafi ba. Cikin rairayi mai zurfi direbobi sukan rage iska don taya ta baje. Amma da an fito kwalta sai a mayar da ita, don taya mai ƙarancin iska tana zafi, zafi kuwa shi ke fasa ta.

Dabara ta farko: babbar taya

Lokacin canjin taya shi ne lokacin da ya dace a yi tunanin tsayin ciki. Dabara ta farko ita ce a sa tayar da ta fi ta da girma.

Ga misali, a cire 175/80 R 14 a sa 205/80 R 16. Gefenta milimetir 164 ne, jantinta 406. Tsayinta 164 + 406 + 164 = 734. Ta fi ta farko da milimetir 98, kusan santimetir 10.

To, amma tirela ba za ta ɗagu da santimetir 10 ba. Sandar ƙafa a tsakiyar taya take. Rabin ƙarin yana ƙarƙashinta, rabi yana bisanta. Na ƙarƙashi kaɗai ke ɗaga tirela, wato kusan santimetir 5. Rabin na bisa kuwa wuri yake nema. In babu sarari tsakanin taya da gangar jiki, duk ramin da aka faɗa sai taya ta gogi ƙarfe, ƙarfen ya yanke ta.

Kafin a saya, a duba ramukan noti na sabon janti, ko sun yi daidai da na tsohon. Kuma a tuna, taya mai ƙarfi ba ta ƙara ma sandar ƙafa ƙarfi. Lodin da aka yi tirela dominsa yana nan yadda yake.

Dabara ta biyu: sifirin bisa sanda

Yawancin tireloli suna da sifirin, waɗanda makanikai ke ce ma lam. Ƙarafa ne falle falle da aka jera bisa juna, su ke shanye gargada. A tireloli da yawa sifirin yana ƙarƙashin sandar ƙafa. Idan aka kwance shi aka mai da shi bisa sandar, gangar jiki za ta hau sama.

Lissafin mai sauƙi ne. A haɗa kaurin sanda da kaurin sifirin. In sanda santimetir 6 ce, sifirin kuma 4, gangar jiki ta ɗagu da wajen santimetir 10. Bayan tirela ya daina bugun ƙasa, kuma babbar taya ta sami wuri.

Wannan aikin gwani ne. Ba a kife sandar ƙafa, don da yawa an yi su da ɗan lanƙwasa a tsakiya, mai kallon sama. In an kife ta, tayoyi za su karkace su cinye gefe guda. Abin da ake yi shi ne mai walda ya liƙa sabon mazauni bisa sandar, a ɗaure da sababbin ƙarafa. Amalanken da ba shi da sifirin kuwa, akan sa masa guntun ƙarfe tsakanin sanda da gangar jiki.

A lura da wani abu. Wannan dabara gangar jiki kaɗai take ɗagawa. Sandar ƙafa tana nan inda take. In tudun tsakiyar hanya ya kai sandar, zai tare ta. Babbar taya ce kaɗai ke ɗaga sanda. Shi ya sa ake yawan haɗa dabarun biyu.

Tsayi da haɗarinsa

Raƙumi yana tsallake abin da jaki ba ya tsallakewa. Amma turmi a tsaye ya fi turmi a kwance saurin faɗuwa. Haka tirela take. Duk yadda aka ƙara mata tsayi, nauyinta yana nisa da ƙasa, kuma tana saurin kifewa a kwana, ko a gefen tudu, ko in iska mai ƙarfi ta buge ta. Kada garin neman gira a rasa ido. A ɗaga ta gwargwadon abin da hanya ke bukata, a tsaya nan.

Bayan an ɗaga, sai a gyara wurin ɗauri na bayan mota, don tirela ta tsaya sosai, kada gabanta ya duƙa ko ya ɗaga. A duba wayoyin fitila da na birki, ko tsawonsu ya isa. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, bisa sandar ƙafa, a ɗan matso da su gaba. Masu sauƙi su hau bisa. In nauyi ya koma baya, tirela za ta riƙa lilo kamar wutsiya, har ta ja mota ta fita hanya. Direba kuma ya rage gudu, ya tuna da rassan icce da ƙofar gida, don abin da ya wuce jiya yana iya bugewa yau.

Duk wannan bincike a gida ake yin shi, tun ba a ɗaura kaya ba. Hausawa sun ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tambayoyi

1. Mene ne tsayin ciki?
2. Don me tayar tirela ke lalacewa ko da ba ta yi tafiya da yawa ba?
3. An ga 0821 a jikin taya. Yaushe aka yi ta?
4. Don me ake sassauta notuna kafin a sa jak?
5. Wace dabara ce ke ɗaga sandar ƙafa, wace ce kuma ke ɗaga gangar jiki kaɗai?

Lissafi

1. Tirela tana da taya biyu masu lamba 100. Nauyinta kilo 400 ne. Buhu nawa mai kilo 100 tayoyin za su iya ɗauka?
2. An cire taya mai tsayin santimetir 60, an sa mai 72. Da santimetir nawa sandar ƙafa ta ɗagu?

Aiki

Ku nemi amalanke a unguwarku. Ku roƙi izinin mai shi. Ku kwafi rubutun da ke jikin tayarsa, ku auna tazarar da ke tsakanin sandar ƙafa da ƙasa. Ku kawo abin da kuka samu aji.