Halitta ce ko koyo? Gardamar da ta kaure a wata fadar Filato

A wata fadar shayi da ke unguwar Filato, inda ma'aikata suke taruwa bayan tashi daga biro, gardama ta kaure makon jiya a kan maganar da Bahaushe ba ya son ambata da rana tsaka, wato luwaɗi. Wani dattijo ɗan kasuwa ne ya tayar da ita. Ya ce ya kashe dukiya wajen masu ruƙiyya da bokaye a kan ɗansa, an sha rubutu, an yi hayaƙi, babu abin da ya sake, yanzu kuma dangi sun ce a yi masa aure kawai. Ya tambayi jama'a: haka aka haifi yaron, ko koya ya yi?

Nan take wani ya ce Nasara ne suka kawo mana abin. Amsa ce mai daɗin faɗi, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta yi hukunci a kan luwaɗi shekaru dubu da suka wuce, kuma malamai ba sa hukunci a kan abin da babu shi. Ƴan daudu kuwa suna nan a Kano, Katsina da Maraɗi tun zamanin kakanni, suna sayar da abinci, suna hulɗa da ƴan bori. Ba kowane ɗan daudu ne mai neman maza ba, ba kuma kowane mai neman maza ne ɗan daudu ba. Wani Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano, ya bayyana wannan bambanci a littafinsa na 2009.

Hukuncin addini sananne ne, ba shi ne abin tambayar dattijon ba. Asalin abin yake nema, kuma a nan masana sun daɗe suna kai da komo. A 1991 Simon LeVay ya ce ya ga bambanci a wani ɗan ƙaramin sashe na ƙwaƙwalwar gawarwakin da ya bincika. A 1993 Dean Hamer ya yi zaton ya gano inda abin yake a cikin ƙwayoyin gado, jaridun duniya suka yi ta yayatawa. Sai a 2019 aka buga bincike mafi girma a mujallar Science, a kan mutum kusan 480,000 na Ingila da Amurka. Sakamakonsa bai faranta wa kowane ɓangare rai ba. Babu wata ƙwayar gado guda da ke sa mutum ya zama haka. Gado yana da rabo, amma bai wuce kashi 8 zuwa 25 cikin 100 ba, kuma ba za a iya duba jinin jariri a faɗi abin da zai zama ba. Sauran rabon kuma ba a iya jingina shi ga tarbiyyar uwa ko sakacin uba ba, ko da yake a nan ne mu kan fara ɗora laifi.

Maganar magani ta fi wannan fitowa fili, don an gwada, kuma an gwada da ƙarfi. A 1952 kotun Ingila ta sa aka yi wa Alan Turing, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin kwamfuta, allurar kashe sha'awa. Bayan shekara 2 aka tarar da gawarsa. Likitocin Turai da Amurka sun yi amfani da wutar lantarki da magungunan sa amai. A 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire abin daga jerin cututtuka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu ran 17 ga Mayu 1990. Likita Robert Spitzer, wanda ya buga a 2003 cewa wasu daga cikin mutum 200 da ya tambaya sun canza, ya fito a 2012 ya janye maganarsa, ya nemi gafara. Exodus International, babbar ƙungiyar Kirista da ta shafe shekara 37 tana wannan aiki, ta rufe ƙofarta a 2013, shugabanta ya amsa cewa kusan duk waɗanda suka zo wurinsu ba su canza ba. Faransa ta haramta irin wannan magani a 2022, da hukuncin ɗaurin shekara 2 da tarar da ta kai kusan miliyan 20 na sefa.

A yankinmu iska ta nufi wani gefe. Najeriya ta sa hannu a 2014 kan dokar ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ɗaya, Mali ta yi tata dokar a 2024, Burkina Faso a 2025. Doka tana iya hana aiki, amma ban ga inda ta canza abin da ke cikin zuciya ba. Iyaye masu tunanin kai yaro gidan mari kuma su tuna da Rigasa, a Kaduna, inda ƴan sanda suka fito da mutum fiye da 300 a Satumba 2019, da yawa da sarƙa a ƙafa. Iyayensu ne suka kai su don a gyara musu hali.

Saura aure, wanda shi ne maganin da muka fi yarda da shi. A fadar an yi maganar yaron, an yi maganar mutuncin uban, har an ƙiyasta kuɗin sadaki da na lefe. Da na tambayi dattijon ko za a gaya wa yarinyar da iyayenta gaskiya kafin a ɗaura, sai fada ta yi tsit. Can ya ce ƴar ƙanwarsa ce, shekararta 17, kuma an riga an sa rana bayan Sallah.